Kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa: ka gano dalili kafin ka kwanta a gaban mai tausa

Shekara 23 ke nan ina ɗora tef ɗin awo a kafaɗun mutane, kuma da wuya a wayi gari in auna wanda kafaɗunsa biyu suka zo daidai cif. Tela yana ganin abin da mai jiki ba ya gani. Mutum zai tsaya ƙyam, a ransa ya miƙe sak, amma da ka zagaya bayansa sai ka tarar ɓari ɗaya ya ɗan rusuna. In na yanka riga kamar jikin daidai yake, wuyanta ya dinga zamewa gefe ke nan, ko yadi ya tattare a ƙarƙashin hammata ɗaya. Mafi yawan lokaci kafaɗar hannun da mutum yake aiki da shi ce ta fi yin ƙasa: na dama ga yawancin mutane, na hagu ga bahago. Likitocin gashin ƙashi sun daɗe da sanin wannan, kuma in babu ciwo ba sa ɗaukarsa cuta.

Tawa kafaɗar ban gan ta ba sai ranar da mai ɗaukar hoton katin shaida ya ce, "Malam, ɗan sauke ta hagun." Na sauke. Ya ce in ƙara. Da hoton ya fito, kafaɗar hagu tana neman kunne, kaina kuma ya ɗan kwanta wajenta. A lokacin na fi shekara ina fama da riƙewar doron wuya, da wani ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya duk yamma. Na je tausa sau huɗu. Kowane zuwa nakan fito wasai, kamar an sauke min kaya, in yi kwana biyu ko uku lafiya lau, sannan abin ya dawo inda yake. Sai da wata likitar gashin ƙashi ta ce in zauna in nuna mata yadda nake zama a kan keken ɗinki, sannan muka ga ɓarawon: gwiwar hannun hagu a ɗage tana tura yadi awa takwas a rana, ga waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa duk lokacin da aka kira ni hannuwana suna kan aiki. Mai tausa yana kwance ƙullin cikin awa ɗaya, ni kuma ina komawa in sake ƙulla shi mako guda.

Abin da ta fara fahimtar da ni shi ne yadda kafaɗa take zaune. Allon kafaɗa ba a kafe yake a jikin haƙarƙari ba. Mahaɗarsa da sauran ƙasusuwan gangar jiki guda ɗaya ce tak, ta hanyar siririn ƙashin nan da ya kwanta a gicciye ƙasan wuya ya haɗu da ƙashin ƙirji. Ban da wannan, tsokoki ne ke riƙe da shi, har 17, kowace tana ja ta nata ɓangare. Wasu suna ɗaga shi sama wajen wuya, wata ƙarama a gaban ƙirji tana janyo shi gaba da ƙasa, wasu a tsakiyar baya suna mayar da shi wajen ƙashin baya, wata mai faɗi a gefen haƙarƙari tana manne shi da jiki. In ɗaya ta ƙage ko ɗaya ta yi sanyi, allon ya bi wadda ta fi ƙarfi. Amma kuma allon yana zaune ne a kan haƙarƙari, haƙarƙari a jikin ƙashin baya, ƙashin baya a kan ƙugu, ƙugu a kan ƙafafu. Duk inda aka samu karkata a ƙasa, a kafaɗa za a gan ta. Shi ya sa tambayar farko ita ce: matsalar a tsoka take, a ƙashi take, ko a jijiyar da ke kai wa tsoka saƙon motsi? Hannun mai tausa tsoka kaɗai yake iya kaiwa.

Yadda za ka duba kanka a gida

Kada ka dogara da madubi. Da ka haɗa ido da kanka, jiki zai gyara tsayuwa ba tare da ka sani ba. Ka sa wani na gida ya ɗauke ka hoto ta baya, ba riga, ba takalmi, a kan daɓe mai shimfiɗa, wayar tana daidai tsayin kafaɗarka ba a karkace ba. Kafin a ɗauka, rufe ido ka yi 'yan taku a wuri ɗaya, ka tsaya yadda jiki ya ga dama, hannuwa a sake. A hoton ka duba ƙarshen kafaɗu biyu, ka duba tsinin allon kafaɗa na ƙasa ko ɗaya ya fi ɗaya fitowa, ka duba ratar da ke tsakanin hannu da kwiɓi ko ta fi faɗi a gefe ɗaya, sannan ka duba ƙugu. Mu teloli a bakin wando muke gane wannan: in igiyar ƙugu ta kwanta a karkace, ko ƙafar wando ɗaya kullum ita ke shan ƙasa, to maganar ta sauka ƙasa da kafaɗa.

Daga nan ka zauna a kujera mai tauri a sake ɗauka. In kafaɗun sun daidaita a zaune alhali a tsaye sun bambanta, zargi ya koma kan ƙafafu. Mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗaya da 'yan milimita, kuma bambancin da bai kai santimita 2 ba galibi likitoci ba sa taɓa shi in ba ya damun mutum. Wanda ya wuce haka, musamman bayan tsohuwar karaya a cinya ko ƙwauri, ko aikin kwatangwalo, ana gyara shi da ƙarin tudu a takalmi bayan likita ya auna. Kada ka cusa wa kanka wani abu a takalmi bisa hasashe, domin ƙugu yakan karkace saboda tsokar kwankwaso da ta ƙage alhali ƙafafun tsawonsu ɗaya.

Gwaji na uku shi ne wanda nake roƙon kowane uba da kowace uwa su koya. Mutum ya haɗe ƙafafu, gwiwa a miƙe, ya haɗe tafukan hannu ya sunkuya gaba a hankali kamar zai taɓa ƙasa, mai dubawa ya durƙusa a bayansa ya kalli shimfiɗar bayan. In ɓari ɗaya na haƙarƙari ko na kwankwaso ya yi tudu ya fi ɗayan, alama ce ta karkacewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sikoliyosis. Wani likitan Ingila, William Adams, ya bayyana wannan gwaji tun 1865, har yau kuma da shi ake fara dubawa. Hikimarsa ita ce, a wannan larura ƙashin baya yana lanƙwasa gefe kuma yana murɗawa, ya tafi da haƙarƙari, to sunkuyawa sai ta fito da murɗar fili. Karkatar da ta samo asali daga yanayin zama ko tsayuwa kuwa takan ɓace da an sunkuya.

Saura biyu masu sauri. Ka dafa bango da hannu biyu ka tura: in allon kafaɗa ɗaya ya ɓullo baya kamar fiffike, tsokar da ke manne shi ta yi rauni, kuma sau da yawa jijiyar da ke motsa ta ce ta samu matsala. Sannan ka ɗaga hannuwa biyu ta gefe har sama. In kafaɗa ɗaya ta riga hannun tashi, ta nufi kunne, ga zafi ko hannun ya tsaya a hanya, to gaɓar kafaɗar ce ke da damuwa, jiki yana ɗage ta ne don ya kauce wa ciwo. Ƙagewar gaɓar kafaɗa tana yin haka, kuma ta fi yawa ga masu ciwon suga da waɗanda suka haura shekara 40.

Inda tausa ba ta da hurumi

Wata rana aka kawo min yarinya 'yar shekara 12 in gyara mata rigar makaranta, mahaifiyarta tana ƙorafin cewa duk rigar da aka ɗinka mata bakinta a karkace yake fitowa. Na auna rigar, daidai take. Na ce, "Hajiya, rigar lafiyarta ƙalau. Ki sa ta ta sunkuya ki duba bayanta." Tudun ya fito a dama ƙarara. Uwar ta ce dama ana ta yi mata faɗa ta daina tsayuwar banza, har an fara yi mata tausa da daddare. Wannan magana ta tsaya min a rai, domin yarinyar ba ta da laifi ko kaɗan, kuma duk watan da aka ɓata ana murza bayanta, ƙashin yana can yana ci gaba da lanƙwasa.

Wannan karkacewa tana samun yara 2 zuwa 3 cikin 100, ta fi bayyana daga shekara 10 zuwa sama lokacin da yaro ke harbawa, kuma ta fi tsananta ga 'yan mata. Kusan kashi 80 cikin 100 likitoci ba sa samun wani takamaiman dalili. Jakar makaranta ba ta jawo ta, zaman banza ba ya jawo ta, kuma sau da yawa ba ta ciwo, shi ya sa take wucewa ba a lura ba. Da hoton ƙashi ake tabbatar da ita, a auna kusurwar lanƙwasar ta hanyar da likitan ƙashi Ba'amurke John Cobb ya tsara a 1948. Daga digiri 10 ake kiranta sikoliyosis. Ƙarama sa ido ake yi, a riƙa sake hoto. In ta kai wajen digiri 25 kuma yaron bai gama girma ba, ana sa masa wata riga mai tauri da aka ƙera daidai jikinsa. In ta kai 45 zuwa 50, ana fara maganar tiyata. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2013, ya nuna kashi 72 cikin 100 na yaran da suka sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, a waɗanda aka sa wa ido kawai kuwa kashi 48 ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar a zahiri take: rigar tana aiki ne kawai kafin ƙashi ya gama girma. Akwai kuma motsa jiki na musamman, irin wanda Katharina Schroth ta fara a Jamus a 1921, da ake koya a hannun ƙwararru. Tausa tana iya rage wa mai wannan larura tsamin tsoka, amma ba ta rage digiri ko ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka zai miƙar da ƙashin da hannunsa, ka riƙe kuɗinka.

Haka abin yake ga jijiya. Akwai wata jijiya da ke bi ta gefen wuya dab da fata, ita ke motsa babbar tsokar da ke ɗaga kafaɗa. In ta samu rauni, misali lokacin ciro kaluluwa a wuya don gwaji, kafaɗar sai ta zube ƙasa, tsokar ta rame, mutum ya kasa ɗaga hannu sosai. Shanyewar ɓarin jiki ma tana zubar da kafaɗa. Karayar ƙashin ƙasan wuya da ta haɗe a gajarce, ko gocewar mahaɗar saman kafaɗa bayan faɗuwa, suna barin bambanci na dindindin. Wasu kuma da shi aka haife su, allon kafaɗa ɗaya bai sauko mazauninsa ba tun a ciki.

Akwai alamomin da in ka gan su, asibiti za ka nufa kai tsaye: kafaɗa ta sauka farat ɗaya, hannu ya yi rauni ko ya mutu ko ka ji kamar ana tsira maka allurai har yatsu, ciwon da ke tashinka cikin dare tare da zazzaɓi ko rama, ƙullutu a wuya ko saman kafaɗa, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi kuwa na gaggawa ne, zuciya ake zargi.

Inda take da amfani, da yadda za ka ci moriyarta

In gwaje-gwajen nan duk sun nuna tsoka ce, kamar tawa, to tausa abokiyar tafiya ce ta gaske. Tana sassauta tsokar da ta daɗe a ɗaure, tana rage zafi, tana buɗe motsin wuya. Binciken da aka yi a kanta ya fi nuna sauƙi na ɗan lokaci, na kwanaki zuwa 'yan makonni, kuma haka na gani a jikina. Darajar waɗannan kwanaki ita ce a cikinsu ne jiki yake yarda a koya masa sabon zama.

Kafin a taɓa ka, a tantance wace kafaɗa ce mai laifi. Kowa yana zargin ta sama, amma ba kullum ba. Wani lokaci ta saman ce daidai, ɗayar ce ta zube, kuma tsokar doron wuyan wannan ɓari tana ciwo ne saboda nauyin hannu ya ja ta ta miƙe fiye da kima. In aka dinga murza ta ana ƙara miƙar da ita, daɗi za ka ji na awa guda, kafaɗar kuma ta ƙara sauka. Irin wannan ƙarfafawa take so. Mai tausar da ya san aikinsa zai sa ka tsaya ya kalle ka, ya tambayi sana'arka, da ɓarin da kake kwanciya, da magungunan da kake sha, kafin ya zuba mai a hannu. Zai kuma taɓa gaban ƙirji kusa da hammata da gefen haƙarƙari, ba inda ka nuna masa kaɗai ba. Ni a gaban ƙirji aka samu mafi tauri, wurin da ban taɓa jin ciwo ba.

Ka gaya masa in kana shan maganin tsinka jini, ko kana da raunin ƙashi, ko juna biyu ga mata, ko an taɓa yi maka aiki a wuya. Ba a tausa kan kumburi, sabon rauni, ko jiki mai zazzaɓi. Ba a danna gaban wuya, inda manyan hanyoyin jini ke hawa kai. Kuma ina hana duk wanda ya ji maganata yarda a fizge masa wuya don ya yi ƙara. Ƙarar ba ta nufin wani abu ya koma mazauninsa, fizgar kuma, ko da yake ba kasafai ba, tana iya yi wa hanyar jinin wuya lahani. Zafin tausa mai kyau shi ne wanda kake iya numfashi a cikinsa. In kana cije leɓe kana ɗaure jiki, an wuce gona da iri, tsokar ƙara ƙagewa za ta yi.

Tsakanin zuwa da zuwa, abin da kake yi a gida ya fi yawa. Na kan jiƙa tawul da ruwan ɗumi in ɗora a doron wuya minti 10. Sai in sa ƙwallon tanis tsakanin bayana da bango, a kan naman da ke tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, ban da kan ƙashin kansa, in nemo wurin da ya fi tsami in tsaya a kai daƙiƙa 30 zuwa 60 ina numfashi a hankali. Bayan nan miƙa: in zauna, in kama ƙasan kujera da hannun ɓarin da ya ɗage, in kwantar da kunne wajen ɗaya kafaɗar daƙiƙa 30, sannan in juya hanci wajen hammatar ɓarin da na kwantar da kai in sake daƙiƙa 30. Sai bakin ƙofa, in dafa gefenta da damtse in ɗan matsa gaba har in ji ƙirji ya buɗe.

Ƙarfafawar ita ce mutane ke tsallakewa, ita ce kuma ta sauke min kafaɗa. Ka ɗaura robar motsa jiki a mariƙin ƙofa, ka janyo ta wajen ciki da hannu biyu, gwiwar hannu tana shafar kwiɓi, kana jin allunan kafaɗa suna komawa baya da ƙasa. Ka tsaya ka jingina damatsa a bango ka zame su sama a hankali ba tare da kafaɗa ta tafi kunne ba. Ka dafa bango ka tura har bayanka na sama ya ɗan cika, hannu a miƙe. Kowanne sau 10 zuwa 12, zagaye biyu, kwana uku a mako. Ka yi a gaban madubi, a nan yana da amfani, domin kafaɗar da ta saba hawa za ta yi ta ƙoƙarin karɓe aikin. Kada ka yanke hukunci kafin mako 6 zuwa 8, kuma da sabon hoto za ka yanke, a wuri ɗaya da na farko.

Sai ka koma kan abin da ya ƙulla ƙullin. Ni na ɗaga kujerar ɗinki har gwiwar hannuna ta sauka daidai da teburin, na daina maƙale waya, nakan tashi duk bayan rabin awa ko da yanka zare ne a tsaye. Mai aikin kwamfuta ya matso da linzami kusa da jiki, ya sa allon kwamfutar a gabansa sak. Mai rataya jaka ya sani ko jakar ba ta da nauyi, kafaɗa tana ɗagewa ne don kada igiyar ta zame, saboda haka ya ratayo ta a gicciye ko ya goya mai hannu biyu. Mai ɗaukar yaro a kwiɓi ɗaya ta riƙa sauyawa. Direba ya duba hannun da ya saba ɗorawa a taga.

Bayan wata uku ciwon kaina na yamma ya tafi, wuyana ya saki. A hoto, kafaɗar hagu ta sauko sosai, amma har yau ta ɗara ta dama da kamar rabin santimita, kuma likitar ta ce in bar ta haka. Yanzu in mutum ya zo awo na ga irin wannan ɗan bambanci, nakan tambaye shi ko yana jin ciwo, ko abin sabo ne. In ya ce a'a, sai in ƙara gangaren kafaɗar rigar a ɓarin da ya sauka, ko in ƙara siririn soso a ciki, rigar ta zauna masa daidai. In yaro ne mai tasowa, sai na sa an duba bayansa a sunkuye kafin in ɗauki almakashi.